Likita da malami a daulolin Musulunci: ina suka haɗu, ina suka saɓa?

Wata ɗalibar likitanci ta aiko mini da tambaya. Ta ce gardama ta kaure a ajinsu. Wasu sun ce likitocin da muke alfahari da su, irin su Ibn Sina da Razi, malaman addini korarsu suka yi suka kafirta su, don haka bai kamata a jingina aikinsu ga Musulunci ba. Wasu kuma suka ce ai duk ilimin likitocin nan daga hadisi suka ɗebo shi. Tana son ta san wanne ne gaskiya.

'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kowane ɓangare ya tsinci wani abu na gaskiya, sai ya ja shi har ya tsinke. An kafirta wasu likitoci, amma ba a kan likitanci ba. Akwai magani a hadisi, amma ba shi ne ginshiƙin abin da ake karantarwa a asibitocin Bagadaza da Alƙahira ba. Abin da kuma duk suka manta shi ne, sau da yawa likitan da malamin mutum ɗaya ne a ƙarƙashin rawani ɗaya.

Bari in fara da abin da ke kusa da mu. Duk wanda ya zauna a zaure har ya kai ga Muhtasar na Shehu Halilu ya san tun a buɗe littafin an ambaci malamai huɗu da za a riƙa nuni da ra'ayinsu: Lahmi, Ibn Yunus, Ibn Rushd da Maziri. To wannan Mazirin, wanda ya rasu a Mahdiyya ta ƙasar Tunisiya a 1141 (duk shekarun da zan kawo na miladiyya ne), likita ne. Masu tarihin malaman Malikiyya sun rubuta cewa ana zuwa wurinsa neman magani kamar yadda ake zuwa neman fatawa. Sun ce wani ciwo ne ya kwantar da shi, aka rasa mai duba shi sai wani likita Bayahude, abin ya tsaya masa a rai, yana warkewa ya duƙufa a kan fannin. Almajiranmu sun shekara ɗaruruwa suna karanta sunansa a babin tsarki da ciniki, kaɗan ne suka san yana taɓa jijiyar hannun majinyaci.

Labarin nasa ya taɓo wani abu da mutanenmu ba su cika son ji ba: a ƙarnonin farko na daular Abbasiyya, manyan likitoci yawancinsu ba Musulmi ba ne. A 765 ciwon ciki ya matsa wa Halifa Mansur, aka aika garin Jundishapur na ƙasar Farisa aka ɗauko Jurjis ibn Bukhtishu, Kirista. Daga nan gidansu ya riƙe likitancin fada, ɗa bayan uba, fiye da shekara 200. Jikansa Jibrilu shi ne likitan Haruna Rashid. Hunain ibn Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, shi ma Kirista ne, kuma shi da almajiransa suka mayar da littattafan Jalinus, babban likitan Girkawa na dā, zuwa Larabci da Suryananci. A wata wasiƙa tasa ya lissafa littattafan Jalinus 129, yana faɗin wanda aka fassara da wanda ya fassara shi. Ya ba da labarin wani littafi guda da ya bi sawunsa a Iraƙi da Sham da Falasɗinu da Masar, sai a Dimashƙa ya sami kusan rabinsa. Jahiz ma ya kawo labarin wani likita Musulmi da kasuwarsa ta mutu a shekarar da ciwo ya yi yawa. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce mutane sun riga sun ƙudurta cewa Musulmi ba ya iya likitanci. Sunansa Asad, ba Yuhanna ba, kuma Larabci yake yi, ba yaren mutanen Jundishapur ba.

Me malamai suka ce game da wannan? Kuka suka yi da shi. An ruwaito Imam Shafi'i yana cewa ilimi biyu ne, ilimin addinai da ilimin jikkuna, kuma yana takaicin Musulmi sun tozarta kashi ɗaya bisa uku na ilimi sun miƙa shi ga Yahudu da Nasara. Imam Gazali, wanda 'yan ajinku na farko za su fara ɗora wa laifi, shi ya fi kowa zafi a nan. A farkon Ihya ya sanya likitanci da lissafi cikin farali kifaya, wato idan gari ya rasa mai su, duk mutanen garin sun yi zunubi. Sannan ya ce sau nawa za ka iske gari ba shi da likita sai ɗan amana wanda ba Musulmi ba, alhali garin cike yake da masu fiƙihu suna ta gardamar saɓanin mazhabobi. Bai tsaya nan ba, ya faɗi dalili ƙarara: da fiƙihu ake samun kula da wakafi da dukiyar marayu da kujerar alƙalanci, da likitanci kuwa ba a samun su. Duk lokacin da na karanta wannan shafi sai in ga kamar da garuruwanmu yake, musamman idan na tuna ƙarancin likitoci mata irinki.

Yanzu ga 'yan ɓangare na biyu. Likitancin da ake kira na Musulunci, tushensa na Girkawa ne, aka ƙara da na Farisa da Indiya, sannan Musulmi da maƙwabtansu suka tace, suka gyara, suka yi ƙari mai yawa. Ginshiƙinsa shi ne jiki yana da ruwaye huɗu: jini, majina, safra'u da sauda'u, kowanne da rabonsa na zafi ko sanyi, danshi ko bushewa. Lafiya ita ce daidaituwarsu, ciwo kuwa rinjayar ɗaya. Ba su ɓoye inda suka samo ba. Ki buɗe Ƙanun, babban littafin Ibn Sina na likitanci, za ki ga Jalinus da Abuƙraɗ, wani likitan Girkawa na dā, ko'ina. Wannan ba abin kunya ba ne a wurinsu, kuma bai kamata ya zama abin kunya a wurinmu ba. Abin alfaharin shi ne ba su karɓa ido rufe ba.

Abubakar Razi, mutumin Rayyu kusa da Tehran ta yau, wanda ya rasu wajen 925, ya rubuta littafi sukutum a kan shakkun da yake da su game da Jalinus, yana nuna inda abin da ya gani a jikin majinyata ya saɓa wa littafi. Shi ya rubuta risalar da ta rarrabe agana da ƙyanda dalla-dalla. Bayanansa na gefen gadon majinyaci su aka tattara bayan rasuwarsa suka zama Al-Hawi. Shi ne kuma wanda aka fi tuhuma a aƙida: Abu Hatim Razi, mai wa'azin Isma'iliyya, ya rubuta muƙabalar da suka yi, inda ya jingina masa sukar annabci. Ra'ayoyin nan ta bakin abokan gardamarsa suka iso mana, don haka masu bincike har yau suna saɓani a kan iyakar abin da ya faɗa. Amma ki lura da abu biyu. Ya shugabanci asibiti a Rayyu da Bagadaza, ba wanda ya hana shi aiki. Kuma ɗan littafinsa na magungunan gida, Man la yahduruhut ɗabib, wato wanda ba shi da likita a kusa, ya karɓu har babban malamin hadisin Shi'a, Ibn Babawaihi, ya ari tsarin sunan ya sa wa nasa littafin Man la yahduruhul faƙih, kuma ya faɗi haka da kansa a gabatarwa. Kada ki haɗa shi da Fahruddin Razi mai babban tafsiri, wanda ya rasu a 1210. Garinsu ɗaya, amma kusan shekara 300 ne tsakaninsu. Shi wannan mai tafsirin ma ya yi sharhi a kan ɓangaren farko na Ƙanun.

Ibn Sina fa? An haife shi a 980 kusa da Bukhara. Da bakinsa ya ce ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 10, ya yi fiƙihu wajen wani malamin Hanafiyya mai suna Isma'il Zahid, ya kuma yi wa Sarki Nuhu ibn Mansur magani yana saurayi, aka buɗe masa ɗakin karatun fada. Wahalhalun rayuwarsa na siyasa ne. Ya yi waziri a Hamadan, sojoji suka yi masa bore, daga baya aka tsare shi wata huɗu a wani gidan kaso, ya tsere zuwa Isfahan. Ya rasu a 1037. Gazali kuwa sai a 1058 aka haife shi. Kin ga ba yadda za a yi a ce shi ya kore shi.

Gaskiya ne Gazali ya kafirta masu falsafa, kuma ya ambaci Ibn Sina da Farabi da suna. A littafinsa Tahafut ya yi musu raddi a mas'aloli 20, uku daga ciki ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa a ɗaiɗaikunsu ba, da musun tashin jikkuna ranar alƙiyama. Ki duba ukun nan da kyau, babu zazzaɓi a ciki, babu tiyata, babu haɗa magani. A littafinsa Munƙiz ya ja kunnen masoyin addini jahili da ke ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare Musulunci, ya ce ɓarnar da yake yi wa addini babba ce. Ya kuma ce duk wanda ya nazarci ilimin sassan jiki da amfanin gaɓoɓi dole ya san cikar hikimar wanda ya gina su. Shi kansa da harshensa ya ɗaure a Bagadaza a 1095, ya kasa karantarwa, abinci ya daina shiga, likitoci aka kira, su suka ce abin daga zuciya ya sauko, ba a samun hanyar magani sai damuwar ta kau. Abin da ya faru bayan haka shi ne malamai suka raba Ibn Sina biyu: suka yi ta raddi ga falsafarsa game da Allah, suka rungume Ƙanun suna yi masa sharhi da taƙaitawa ƙarni bayan ƙarni.

Ibn Rushd jika, na Ƙurɗuba, shi ne jikan wancan na cikin Muhtasar. Alƙalin Ishbiliya ne, daga baya babban alƙalin Ƙurɗuba, kuma shi ya rubuta Bidayatul Mujtahid da ake karantawa a jami'o'inmu da zaurukanmu. Da hannun da ya rubuta shi ya rubuta Al-Kulliyyat a likitanci, kuma a 1182 ya gaji Ibn Ɗufail a matsayin likitan sarkin Muwahhidun. An kore shi zuwa Lusena a 1195, an ƙona wasu littattafansa na falsafa, kafin a dawo da shi Marrakesh inda ya rasu a 1198. Nan ma falsafa ce da siyasar fada. Umarnin hanin bai haɗa da likitanci da lissafi ba.

Amma mutumin da nake so ki riƙe sunansa ki kai wa 'yan ajinku shi ne Ibn Nafis. Ya yi karatun likitanci a Dimashƙa wajen Dakhwar, likitan da ya yi wakafin gidansa ya zama makarantar koyon likitanci. Daga nan ya koma Alƙahira ya zama shugaban likitoci. A lokaci guda kuma malamin fiƙihun Shafi'iyya ne, yana karantarwa a makarantar Masruriyya, har Subki ya sanya shi a littafin tarihin malaman mazhabar. Yana da taƙaitaccen littafi a ilimin hadisi. Yana da wata risala a kan sirar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da ya gina a kan labarin wani mutum da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, inda ya kare annabci da tashin jikkuna, wato daidai mas'alar da aka kama Ibn Sina da ita.

Wannan malamin fiƙihu ne ya gyara kuskuren da ya shekara sama da 1,000 a littattafai. Jalinus ya ce jini yana ratsawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani a bangon da ke tsakaninsu. Ibn Sina ya bi Aristo, masanin falsafar Girka, ya ce zuciya ɗaki uku gare ta. A sharhinsa na ɓangaren sassan jiki na Ƙanun, wanda ya riga ya kammala a 1242, Ibn Nafis ya ce a'a. Ɗaki biyu ne, bangon kuma mai kauri ne, babu ƙofa a jikinsa, ta fili ko ta ɓoye. Jinin ɗakin dama dole ya bi jijiya zuwa huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo ɗakin hagu. Ya ƙara da cewa zuciya ba daga jinin da ke cikin ɗakinta take ci ba, daga jijiyoyin da suka ratsa namanta ne. Ke da kike karanta wannan a aji kin san nauyin maganar. A Turai sai a 1553 Sabitus (Servetus), ɗan Sifen, ya rubuta irinta, Habi (Harvey), likitan Ingila, kuma ya kawo cikakken zagayen jini a 1628. In yi adalci: Ibn Nafis bai gano zagayen jini na jiki duka ba, hanyar huhu ya gano, kuma ta ishe shi girma.

Akwai abin da ya faɗa a gabatarwar littafin da ya kamata a ambata, don a nan ne shari'a ta taɓa aikin likita kai tsaye. Ya ce hanin shari'a da tausayin da ke cikin ɗabi'arsa sun hana shi feɗe gawa, don haka a siffar kayan ciki zai dogara da na gabansa, musamman Jalinus, amma a amfanin gaɓoɓi zai bi abin da nazari ingantacce ya nuna, ko ya dace da magabata ko ya saɓa. Feɗe gawar ɗan Adam ba al'ada ba ce a lokacin, kuma hakan ya taƙaita iliminsu na sassan jiki, ba sai mun musa ba. Wanda ya sami damar gani kuwa ya yi amfani da ita. Abdullaɗif Bagadadi, masanin nahawu da hadisi kuma likita, yana Masar lokacin yunwar da ta faɗa wa ƙasar wajen 1200. Ya je wani tudu da ƙasusuwan mamata suka taru, ya duba kawuna sama da 2,000, ya ga muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba kamar yadda Jalinus ya ce. Ya rubuta cewa duk girman Jalinus, abin da ido ya gani ya fi shi gaskiya. Mu ma mun ce gani ya kori ji.

Ibn Nafis ya ƙudurta rubuta kundin likitanci mai mujalladi 300, ya gama 80. Da ciwon ajali ya kama shi a 1288, wasu abokan sana'a suka ba shi shawarar ya ɗan sha giya a matsayin magani, ya ce ba zai gamu da Allah da giya a cikinsa ba. Gidansa da littattafansa ya bar wa asibitin Mansuri wakafi. Bayaninsa na huhu kuwa sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin Taɗawi, ya ci karo da shi a ɗakin karatu na Balin a Jamus, ya sake fito da shi duniya.

Tunda na ambaci asibiti, a nan ne hannun malamai ya fi bayyana, ko da ba su riƙe wuƙar tiyata ba. Bimaristan, kamar yadda suke kiransa, da wakafi yake rayuwa, wakafi kuwa alƙali ke tabbatar da shi, masu fiƙihu ke tsara sharuɗɗansa. Asibitin Adudi na Bagadaza, da aka buɗe wajen 982, ya fara da likitoci 24. Na Nuruddin a Dimashƙa an gina shi a 1154. Matafiyi Ibn Jubair ya ziyarce shi bayan shekara 30, ya ga ma'aikata riƙe da rajistar sunayen majinyata da abin da ake kashewa a maganinsu da abincinsu, likitoci kuma suna zagaye kowace safiya. Na Mansuri a Alƙahira, wanda Sarki Ƙalawun ya gina a 1284, yana da sashen masu zazzaɓi, na ido, na masu rauni, da na mata, kuma an yi wakafinsa ga mai kuɗi da talaka, ɗan gari da baƙo. Makarantar Mustansiriyya ta Bagadaza, inda ake karantar da mazhabobi huɗu, tana da likita da ɗalibansa a cikin tsarinta.

Sa ido a kan masu magani shi ma aikin shari'a ne. A 931 wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya hana kowa aiki sai Sinan ibn Sabit ya jarraba shi. An jarraba sama da 860, ban da sanannun likitocin fada. Littattafan hisba sun tanadi a jarraba masu aikin ido da littafin Hunain mai maƙala goma. Wato malamin hisba Musulmi yana auna ƙwarewa da littafin Kirista, don shi ne mafi inganci a fannin. Tushen wannan duka hadisin nan ne na Abu Dawud: wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da shi ba, to shi ne mai lamuni. A Bidaya, Ibn Rushd ya kawo cewa ƙwararren likita idan ya yi kuskure, kamar a wajen kaciya, akwai diyya, kuma a wurin mafi yawan malamai danginsa ke biya. Wanda ba ɗan fannin ba ne kuwa, daga aljihunsa za ta fito. Da ana aiki da wannan hukunci a yau, da masu yawo da lasifika a kasuwanninmu suna tallar maganin ciwo arba'in a kwalba ɗaya sun shiga taitayinsu.

To ina matsayin Ɗibbun Nabawi? Shi layi ne daban, na malaman hadisi. Ibn Sunni da Abu Nu'aim na Isfahan suna cikin waɗanda suka fara tattara hadisan magani: zuma, ƙaho, habbatus sauda, sanamaki, ruƙya. Daga baya Zahabi da Ibn Ƙayyim, da suka rasu a 1348 da 1350, suka faɗaɗa shi. Wanda ya karanta na Ibn Ƙayyim da kansa, ba a bakin mai talla ba, zai yi mamakin yawan ambaton Jalinus da Razi da mai Ƙanun. Da ya zo hadisin sanyaya zazzaɓi da ruwa, cewa ya yi da mutanen Hijaz da makamantansu ake magana, don yawancin zazzaɓinsu na zafin rana ne, sannan ya kawo maganar Jalinus da Razi don ƙarfafawa. A hadisin habbatus sauda waraka ce daga kowace cuta, Ibn Hajar ya kawo maganar Haɗɗabi cewa lafazi ne na game-gari da ake nufin keɓantattun cututtuka da shi, waɗanda suka samo asali daga danshi, ya kuma kawo waɗanda suka bar shi a kan faɗinsa. Ibn Khaldun, alƙalin Malikiyya a Alƙahira, ya tafi nesa da haka. Ya ce maganin da ya zo a hadisai na al'adar Larabawa ne, Annabi kuwa an aiko shi ya koyar da shari'a ne, ya kafa hujja da hadisin barbarar dabino, inda aka ce ku ne mafi sanin al'amuran duniyarku. Ya ƙara da cewa wanda ya yi amfani da shi don neman albarka da ingantaccen imani zai ga amfani mai girma. Ba duk malamai suka yarda da shi ba. Abin da nake so ki gani shi ne tattaunawa ce tsakanin malaman sunna su kansu, ba wadda aka rufe ba.

Inda aka yi saɓani na gaske a kan mas'alar likitanci ita kanta, shi ne yaɗuwar cuta daga mutum zuwa mutum. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Akwai hadisin babu adwa, wato ƙetarawar cuta, akwai kuma na ka guji kuturu kamar yadda kake gudun zaki, da na kada a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, da na idan kun ji annoba a gari kada ku shiga, idan kuma ta same ku a ciki kada ku fita. Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ibn Salah ya haɗa hadisan da cewa cuta ba ta ƙetarawa da ikon kanta, amma Allah ya sanya cuɗanya ta zama sababi. Ibn Hajar ya zaɓi cewa babu ƙetarawa sam, umarnin nisanta kuwa don toshe ƙofar mummunan zato ne. Ba daga nesa yake magana ba: annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata uku, kuma ya rubuta littafi guda a kanta.

Da baƙar annoba ta isa Andalus a 1348 da 1349, wazirin Garnaɗa, Ibn Khaɗib, ya rubuta risala yana cewa gwaji da ido da labarai masu yawa sun tabbatar da ƙetarawa. Ya kawo hujjojinsa: wanda ya cuɗanya da majinyaci yakan kamu, cutar tana shiga gida ta tufafi ko ƙwarya ko ɗan kunne, garin bakin teku yana zaune lafiya sai jirgi ya iso daga inda ake annoba, makiyaya masu zaman tanti nesa da gari kuma sun tsira. Ya ce idan zahirin nassi ya ci karo da abin da ido ya tabbatar, wajibi ne a yi masa tawili, ya kuma zargi masu fatawar da suka hana mutane kiyayewa da jawo asarar rayuka. Muftin garin, Ibn Lubb, yana kan musun ƙetarawa, kuma wani ɓangare na damuwarsa shi ne kada a gudu a bar majinyata ba mai jinya. A ganina Ibn Khaɗib ne ya dace a wannan, kuma fassarar Ibn Salah ta isa ta ɗauke shi ba tare da an taɓa hadisi ba. Za ki ji ana cewa saboda wannan risala aka kashe shi. An kashe shi a kurkukun Fas a 1374, an kuma tuhume shi da zindiƙanci, amma gabar siyasa ce tsakaninsa da tsoffin abokansa na fadar Garnaɗa.

A ƙasarmu, abin da ya fi isowa kundayen malamai shi ne layin Ɗibbun Nabawi da ƙananan littattafan magunguna, ba manyan kundaye irin Ƙanun ko tsarin bimaristan ba. Suyuɗi, wanda ya aika wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha, yana da nasa littafin a Ɗibbun Nabawi. Shi kuwa Arrahma fiɗ ɗibbi wal hikma da ake sayarwa a kasuwa da sunansa, masu bincike sun nuna ba nasa ba ne. Malaman jihadi sun shiga fannin da kansu. Malam Abdullahi na Gwandu yana da Masalihul insan, wanda cikakken sunansa ya haɗa maslahar addinai da ta jikkuna, kalmomin nan biyu da aka ruwaito daga Shafi'i. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce da dama a magani, har da risala a kan basir da wata a kan ciwon ido. Da Baturen nan Kilafaton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da a aiko da likita ya zauna a ƙasarsa. Kilafaton ya sake tasowa a 1825 tare da likitoci biyu, ba wanda ya iso daga cikinsu. Shi kansa a Sakkwato ya rasu a 1827.